Kwanon Makaranta ga Yaron da Jikinsa Ba Ya Karɓar Wani Abinci

Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malaman firamare na yankin Tursa, Ƙaramar Hukumar Rabah, Jihar Sakkwato



  Shugabannin makarantu da malamai maza da mata, 'yan kwamitin kula da makaranta, ma'aikatan lafiya da suka taso daga Wurno da Rabah da Goronyo, barkanku da hanya. Iyaye mata, waɗanda zancen yau ya fi shafa domin a hannunsu tukunya take, sannunku da ƙoƙari. 

Abin da aka nemi a tattauna ƙarami ne a ido, wato kwanon abincin da uwa ke miƙa wa ɗanta da safe kafin ya tafi makaranta. Amma akwai yaran da loma ɗaya ke iya kai su gadon asibiti, saboda jikinsu ba ya karɓar wani abinci da kowa ke ci lafiya lau. Likitoci suna kiran wannan alaji, a gida kuwa sai a ce abu kaza bai karɓe shi ba.

Wani zai ce ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne. Gaskiya ne ya fi yawa a Amurka da Ingila, kuma ya fi yawa a birni a kan ƙauye. Wani bincike da aka buga a 2019 a Afirka ta Kudu ya samu matsalar a jikin kashi 2.5 cikin 100 na ƙananan yaran birnin Kef Tawun, a karkara kuwa kashi 0.5 kacal. To, ko da lissafin karkarar aka ɗauka, yaro ɗaya ke nan cikin 200. Makarantu nawa ne tsakanin Tursa da Gandi da Achida suke da ɗalibai fiye da 200? Domin wannan yaro guda aka taru yau, kuma za a bi maganar a gaɓa bakwai.

1. Yadda abin yake da yadda ake gane shi

Allah ya yi wa jiki garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin mai alaji, wannan garkuwa takan yi kuskure irin na maigadin da ya ga baƙon arziki cikin duhu ya ɗauka ɓarawo ne, ya yi kururuwa har unguwa ta tashi. Furotin ɗin gyaɗa ko na ƙwai ya shiga ciki, garkuwa ta ɗauke shi abokin gaba, ta saki sinadarai irin su histamin cikin jini. Ba abincin ke yin ɓarnar ba, martanin jikin ne.

Alamun sukan zo da sauri, daga 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan cin abincin. Fata ta yi borin jini, rudu-rudu da ƙaiƙayi. Leɓe ko fatar ido su kumbura. Yaro ya ce harshensa na yi masa ƙaiƙayi ko wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Ciki ya murɗa, amai ya biyo baya. Mafi tsanani shi ne murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jiri ya ɗebi yaro ya faɗi. Wannan matakin na iya kisa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma yaron da ke da asma ya fi kowa shiga haɗarinsa.

Abincin da suka fi jawo haka sanannu ne a duniya: madara, ƙwai, gyaɗa, alkama, waken suya, kifi, jatan lande da danginsa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su ƙwallon kashu, sai riɗi. Amurka ta yi doka a 2004 cewa dole a bayyana takwas na farko a jikin duk abincin kanti, ta ƙara riɗi daga farkon 2023. Jama'a, a duba jerin nan da kyau. Wanne ne babu a kasuwar Achida?

2. Ba kowane ciwon ciki ne alaji ba

Wannan gaɓa tana da nauyi, domin tsoro ma yana cutarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A irin wannan wuri, uwar da ta hana ɗanta gyaɗa da ƙwai da nono da kifi gaba ɗaya a kan zato kawai, ta guje wa wata cuta ta faɗa wata.

Abu na farko da ake rikitawa da alaji shi ne gurɓataccen abinci ko guba. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: guba kan kama duk wanda ya ci, alaji kuwa mutum ɗaya yake zaɓa a bar sauran lafiya. Mutanen gabashin Sakkwato ba su manta da abin da ya faru a watan Agustan 2021 a ƙauyen Danzanke na Ƙaramar Hukumar Isa ba, inda mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an zuba gishirin lalle a abinci bisa kuskure. Allah ya jiƙansu da rahama. Wancan guba ce. Haka nan shinkafar da ta kwana ta yi yami, ko gyaɗar da ta yi fumfuna a rumbu, kowa suna iya cutarwa.

Na biyu shi ne rashin narkar da madara. Mutane da yawa idan suka girma cikinsu ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin ɗanyar madara, sai kumburin ciki da tusa da gudawa. Fulani makiyaya sun fi sauran jama'a iya narkar da ita. Wannan yana da damuwa amma ba ya toshe numfashi, kuma mai irin wannan cikin sau da yawa yakan sha kindirmo lafiya. Mai alajin madara na gaske kuwa, nono da kindirmo da man shanu da madarar gari duk ɗaya suke a wurinsa.

Na uku ya shafi gwajin jini. A 2013 aka buga wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta fiye da 1,600 a Gana. Gwajin jini ya nuna alamar alajin gyaɗa a jikin kashi 17.5 cikin 100, amma waɗanda suka ce gyaɗa tana ba su matsala kashi 1.5 ne kawai. Masu binciken sun danganta wannan tazara da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jini ya nuna alamar da ba ta gaskiya ba. Duk wanda ya san yadda yara ke wanka a gulbin Rima da magudanun noman rani ya san wannan bayani na nan gida ne. Saboda haka takardar gwaji ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Labarin da uwa za ta ba likita shi ne kan gaba: me yaron ya ci, bayan minti nawa abin ya fara, me ta gani da idonta, sau nawa hakan ta faru. A rubuta, ko a sa ɗan makaranta ya rubuta, a kai babban asibitin ƙaramar hukuma. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada a gwada yaro a gida da cewa bari a ɗan ba shi kaɗan a gani.

3. Inda abin yake ɓuya a abincin gida

Uwar da aka ce ɗanta ba ya cin gyaɗa za ta ce ai da sauƙi, sai a daina sayen gyaɗa. Ina ma haka ne! A ƙasar Hausa gyaɗa ba ta cika zuwa da fuskarta ba. A bi ta daga hannun mai ƙuli-ƙuli: ta soya, ta kai niƙa, ta murza ta matse mai, ta mulmula tunkuzar ta soya ƙuli. Man ya tafi kaskon mai ƙosai da tandar mai masa. Ƙulin kuma aka daka shi ya shiga yajin tsire, ya shiga kwaɗon zogale da na rama, aka barbaɗa shi a garin rogo. Tunkuza ita ce jan abin da ke manne a jikin kilishi. Ga miyar taushe, ga fate, ga dambu, ga kunun gyaɗa, ga garin kunun yara da ake haɗawa da gero da waken suya. Har abincin leda da ake bai wa masu tamowa a asibiti, da gyaɗa da madara ake yin sa, don haka a gaya wa ma'aikacin lafiya tun kafin ya miƙo.

A lura da zancen mai. Man gyaɗa na gida ba tatacce ba ne, furotin ɗin yana ciki, kuma shi ne mai haɗarin. A kasuwa kuma kusan kowane farin mai man gyaɗa ake ce masa, ko da na kwakwar manja ne ko na waken suya. Wanda ake aunawa a kwalba daga jarka, ba wanda zai iya rantsewa da abin da ke ciki. Manja ya fi zama abin dogaro, sai kuma man kanti mai hatimi wanda aka karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Sauran ma haka suke. Ƙwai yana cikin kek da cincin da wasu biskit. Madara tana cikin alewa, cakulan, shayin mai shayi, da man shanun da ake zubawa a tuwo. Alkama tana cikin burodi, taliya, fanke, alkaki, funkaso, har da ɗanwake, domin masu sayarwa da yawa suna ƙara fulawa. Waken suya shi ne awara, wasu kuma suna haɗa shi a daddawa. Riɗi shi ne kantu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, tarwaɗa da karfasa ba baƙi ba ne a tukwanen yankin nan, kuma busasshen kifi idan ya narke a miya ido ba ya ganin sa. Fara ma a kula da ita, domin wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande yana iya samun matsala da soyayyar fara. Aya kuwa saiwa ce, ba dangin gyaɗa ba.

Sai kuma ɓuyan da ya fi kowanne wahalar ganewa. A tsaya a bakin injin markaɗe da safe a kalla. Wata ta kawo gyaɗa, ta bayanta waken suya na awara, ta uku waken ƙosai. Mai injin yakan zuba ruwa kofi ɗaya tsakani, wani lokaci ko hakan ba ya yi. Ƙullun ƙosan da ya fito na uku yana ɗauke da ragowar na ɗaya da na biyu. Haka turmin da aka daka ƙuli, haka muciya, haka man kaskon da aka soya kifi sannan aka jefa dankali. Ga wasu yaran, abin da ya manne a cokali ya isa. Zafin wuta kuma ba ya kashe furotin ɗin gyaɗa. Mafita ita ce a zama na farko a layin niƙa bayan an wanke inji, ko a koma dutsen niƙa da turmin gida da aka keɓe, a kuma fara girka na yaron kafin na sauran gida.

4. Me za a zuba a kwanon?

Ka'idar guda ce: a cire abin da ke cutar da yaron kaɗai, a maye gurbinsa da wani mai irin amfaninsa, kuma kayan haɗin su zama kaɗan waɗanda uwa za ta iya lissafawa da yatsun hannu ɗaya. A nan mutumin karkara ya fi na birni sa'a. Gero, dawa, masara, shinkafar fadamar Wurno, wake, dankalin Hausa, rogo, albasa, zogale da kuka, babu ko ɗaya a jerin tara da aka ambata.

Ga misalin mako guda ga yaron da ba ya cin gyaɗa. Litinin, shinkafa da wake da manja da yankakkiyar albasa, da yajin gida na barkono da citta da gishiri wanda ƙuli bai kusance shi ba. Talata, dafaffen dankali da ƙwai ɗaya. Laraba, dambun masara da zogale, a bar gyaɗar, a sa manja. Alhamis, ɗanwaken gida da ɗan kifi. Juma'a, da yake ana tashi da wuri, kunun tsamiya a gora da ƙosan da aka soya a gida ya wadatar.

Idan ƙwai ne matsalar, wannan jerin yana nan daram, sai dai a sa wake ko kifi ko ƙuli a gurbin ƙwan. Idan madara ce, a yi fura da ruwan tsamiya maimakon nono, a kuma nemi abin ƙarfafa ƙashi a miyar kuka, zogale, awara da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Idan alkama ce, a bar burodi da taliya a koma masa, tubani, da ɗanwaken da aka yi da garin wake da rogo da kuka zalla. Yawancin masu alajin gyaɗa suna cin wake lafiya duk da dangantakar da ke tsakaninsu, amma duk sabon abinci, kamar gurjiya ko waken suya, a fara jin ta bakin likita, kuma kada ranar farko ta cinsa ta zama a makaranta.

Kada a manta da abin marmari. Yaron da ke kallon abokansa suna tsotsar alewa shi kuwa hannunsa wayam, wata rana sai ya karɓa. A jefa masa dabino biyu, ko goruba, magarya, gwaba, karas, ko mangwaro a lokacinsa.

Abin kanti kuma, hukumar NAFDAC ta wajabta a rubuta kayan haɗi a jikinsa. A karanta kowane lokaci, domin kamfani yakan canza haɗi. Wanda ba shi da rubutu, ko aka ƙulla a farar leda, a bar shi. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi a filin jirgin saman Landan. Akwai riɗi a cikin ƙullun, ba a rubuta a takardar ba, ta ci, abin ya yi tsanani a cikin jirgi, ta rasu. Iyayenta ba su zauna ba sai da aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2021. Idan haka ta faru a inda ake rubuta komai, ina ga tiren talla?

5. Zafin rana, kwano, da kuɗin tara

A watan Afrilu zafi a nan yakan haura digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Abincin da aka zuba ƙarfe 7 na safe, kafin a tashi tara ya kusa wannan iyaka. Don haka a dafa da safe, ko a ɗumama har ya yi tururi sosai, a zuba da zafinsa a ƙaramar kula mai murfi. Alala da kwaɗo da duk abin da aka sa nono sun fi saurin lalacewa, a bar su sai lokacin sanyi. Ragowar da ta dawo gida kada a sake ba yaro.

Kwanon ya zama nasa shi kaɗai, da cokalinsa da gorar ruwansa, a yi musu alama da fenti ko a ɗaura zare mai launi. A wanke su da sabulu daban. Wanke hannu da ruwa da sabulu yana cire furotin, man goge hannun nan da aka saba da shi lokacin korona kuwa ba ya cirewa.

Yanzu sai gaskiya mai ɗaci. Yawancin yara ba kwano ake ba su ba, kuɗin tara ake miƙa musu su saya a bakin makaranta. Ga yaro mai alaji, wannan kuɗi shi ne babbar ƙofar haɗari. 'Yar talla aiko ta aka yi, ba ta san da wane mai aka soya ba, kuma ba laifinta ba ne. Ya fi kyau a haɗa kuɗin taran mako a sayi wake da dankali a dafa a gida. Inda uwa ba ta da hali, a nemi mai abinci guda amintacciya, a je har gidanta a yi mata bayani, a ga yadda take girki, yaron kuma ya san a wurinta kaɗai zai saya.

6. Bismillah da haƙƙin makaranta

An tarbiyyantar da kowane ɗan Bahaushe cewa idan ya buɗe kwano ya ce bismillah, idan kuma babba ya miƙo masa abu ya sa hannu biyu ya karɓa. Tarbiyya ce mai kyau, ba wanda zai ce a bar ta. To yaya za a yi da yaron da karɓar ke iya halaka shi? A koya masa jimla ɗaya tun yana ƙarami, ya riƙa faɗa ba kunya: na gode, likita ya hana ni. Shi yana iya ba wasu nasa, amma ba ya cin na kowa, kuma ba a sa hannu a kwanonsa. A ɗiba wa aboki a murfi.

Kakanni, a yi haƙuri, wannan saƙon naku ne. Cewa a ba shi kaɗan-kaɗan zai saba, ko cewa tsirfa ce ta iyayen zamani, yana iya jawo abin da ba a so. Yara da yawa alajin madara da na ƙwai yakan bar su idan sun girma, na gyaɗa kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke rabuwa da shi, kuma likita ne zai tabbatar.

Malamai kuma, kada kariya ta zama wariya. Yaron ya zauna cikin abokansa ya ci nasa. A yi wa aji bayani, a kuma tsawatar da tsokana. A 2017, a wata makaranta a yammacin Landan, wani ɗalibi ya jefi Karanbir Cheema, ɗan shekara 13 mai alajin madara, da ɗan guntun cuku. Yaron ya rasu bayan kwanaki a asibiti, aka kuma gano allurar gaggawar da aka ajiye masa a makaranta wa'adinta ya wuce. Wasan yara ne ya kai ga haka.

Kowace makaranta ta buɗe shafi a rajista: sunan yaro, abin da ba ya ci, alamun da yake nunawa, da wanda za a kira. Shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 ga 'yan aji 1 zuwa 3 a kan Naira 70 kowane kwano kafin a mai da shi Naira 100, an dakatar da shi a Janairun 2024. Duk ranar da irin wannan shiri ya zo, daga gwamnati ko daga wata ƙungiya, wannan shafin ne abu na farko da za a nuna wa masu girki. Haka makarantun kwana. Alarammomi ma su shigo ciki, domin almajiri a rana guda yakan ci daga tukunyar gida uku ko huɗu. Uban da zai kai ɗansa tsangaya ya gaya wa malam, malam kuma ya nema wa yaron uwar ɗaki guda da ta san matsalarsa.

7. Idan abin ya faru

Borin jini kaɗan ko ƙaiƙayin baki, ba tare da wata alama ba, ana iya ba da maganin ƙaiƙayi irin su Piriton a zauna kusa da yaro ana lura. Amma da zarar an ga harshe ya kumbura, murya ta canza, numfashi ya yi wuya, ko yaro ya yi laushi zai suma, magani ɗaya ne ke ceton rai, wato allurar adiranalin a tsokar cinya ta waje. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro. Ga ma'aikatan lafiya da ke nan, yaro mai shekara 6 zuwa 12 ana ba shi miligiram 0.3, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi.

Kafin a isa asibiti, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya yi tsanani a bar shi ya zauna. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa. Kada a ɗura masa manja ko nono ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa, kuma kada a yi masa hayaƙi. Addu'a a yi ta a kan hanya, ana tafe ana yi. Ko ya farfaɗo bayan allura, dole ya zauna asibiti a lura da shi, domin abin yakan dawo bayan awanni.

Allurar da uwa ko malami ke iya yi da kansa, irin su EpiPen, tana da tsada da wuyar samu a Najeriya. Adiranalin na kwalba kuwa mai araha ne, yana cikin jerin magungunan da ya kamata a samu a asibiti. Saboda haka aikin kwamitin makaranta ne ya je asibitin da ya fi kusa tun yanzu ya tambaya: akwai shi? Wa'adinsa bai wuce ba? Wa zai yi allurar idan babban ma'aikaci ba ya nan? A kuma san mai babur ko mai motar da za a kira, da hanyar da za a bi idan damina ta yanke wadda aka saba.

Kalma ɗaya game da ƙannen da ke goye. A 2015 Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka fitar da sakamakon binciken jarirai 640. Waɗanda aka hana gyaɗa har shekara 5, kashi 17 cikin 100 suka kamu da alajinta. Waɗanda aka fara ba su tun suna jarirai, kashi 3 kacal. Ke nan al'adar iyaye mata ta fara ba yaro kunun gyaɗa mai laushi bayan wata 6, tare da ci gaba da shayarwa, tana kan hanya. Gyaɗa ƙwaya ce ba a ba ƙaramin yaro saboda shaƙewa. Jaririn da ke da ƙyasbi mai tsanani ko ya taɓa nuna alama da ƙwai, a fara kai shi wurin likita.

A nan za a dakata.    Yanzu fili na masu tambaya ne, kuma da izinin shugaban taro za a fara daga ɓangaren mata. Wadda ba ta son yin magana a bainar jama'a tana iya aiko da tambayarta ta hannun malama, ma'aikatan lafiya kuma za su tsaya bayan an tashi domin duk mai son a duba batun ɗansa shi kaɗai.